Sallamar da ta makara shekara biyu

Tun da na yi wayo ban taɓa shiga gidan mutum ba tare da sallama ba. Ko gidan yayata da ke Ƙofar Ruwa, wadda ta goye ni, sai na tsaya a soro na ɗaga murya. In ba a amsa ba na sake, in na yi uku shiru na juya. Sau da yawa ta biyo ni lungu tana faɗa, wai tana wanka ne, wane irin mutum ne ni. Haka mahaifinmu ya rene mu, ni kuma na ƙara da nawa, don ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. Ina iya kulle shago in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. Ina iya idar da alwala in tsaya ina tunanin ko na shafi kunnen hagu.

To amma akwai gidan da na zauna a cikinsa shekara biyu cur ban yi sallama ba. Gidan a cikin waya yake.

Sana'ata dukanci. Ina ɗinka kuben wuƙa da na takobi da gafaka, a wani ɗan shago da ke jikin gidanmu a Dukawuya. Bokona a firamare ya tsaya. Ina karanta Hausa sarai, sai dai a hankali, rubutu kuwa in na kama sai na yi gumi. Abin da ya riƙe mini karatun bai gudu ba shi ne littattafan yaƙi, musamman na wani marubuci guda. Labaransa na biranen da ke ƙarƙashin ƙasa ne, da aljanu masu sarauta, da matsafa, da mutanen da ake turawa neman abin da ba a cika dawowa daga nemansa ba. Na fi son nasa don ba ya mantawa da masu sana'a. In jarumi ya hau doki, sai ka ji labarin wanda ya ɗinka sirdin.

Shekaru ina sayen littattafansa wajen wani Alhaji mai tebur a hanyar gidan yayata. Wata rana na je neman ci gaba, ya karkaɗe ƙura daga kan tsofaffin ya ce, "Ai Malam ya daina bugawa. Takarda ta yi tsada. Yanzu a waya yake sakin labari, shafi-shafi, a guruf ɗin masoyansa. Kawo lambarka."

Ya turo mini wani shuɗin rubutu, ya ce in na koma in taɓa. Na koma shago na zauna, na goge hannu a jikin wando, na taɓa. A zatona za a tambaye ni ko ni wane ne, ko a ce in jira a soro. Kawai sai na gan ni a tsakar gida, mutane suna ta magana. Na ɗaga yatsa zan rubuta sallama ke nan, wani mahauci ya tsaya a ƙofar shago da wuƙaƙe huɗu a hannu. Na kife wayar. Kafin mu gama awo an kira azahar. Da na dawo na buɗe, saƙonni sun taru sun binne layin da ya nuna shigowata, ana tsakiyar gardama a kan wani sarkin aljanu. Na ce bai kamata in katse mutane ba, bari su lafa. Ba su lafa ba. Washegari na ce sallamar jiya ba a yin ta yau sai da bayani, bari in tsara bayanin. Mako ya zagayo, bayanin ya ƙara tsawo. Bayan wata guda kuwa sai na ga ba ni da bakin da zan fara.

Haka na zauna. Kullum da hantsi Malam, haka kowa yake kiran marubucin, yana sakin shafi ɗaya. In ajiye basilla in karanta, in bi sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya. A hankali na san su kamar mutanen unguwarmu. Akwai wadda take riƙe da ƙofa, ita ke sakawa ita ke cirewa, ana ce mata Hajiya Admin, mace ce mai tsare gida, ba ta maimaita magana. Akwai wani direban babbar mota da ba ya rubutu sai saƙon murya, kana jin ƙugin inji a bayansa, kowane mugu a labari ya sha zagi a bakinsa. Na san ranar da aka yi wa Hajiya jika. Na san ranar da mahaifiyar direban ta rasu. Ranar kowa ya yi masa ta'aziyya. Ni ma na ɗaga hannu a shago na yi mata addu'a, amma ban rubuta ko harafi ba, don ta yaya mutumin da bai yi sallama ba zai fara da gaisuwar mutuwa? Wannan ya daɗe yana cina.

Wani lokaci nakan buɗe jerin mutanen guruf ɗin in duba ko akwai irina. Akwai wata lamba da ba suna a jikinta, sai hoton farar saniya mai dogon ƙaho, irin waɗanda kakanmu ya yi kiwo kafin mu zama 'yan birni. Ban taɓa ganin mai lambar ya ce uffan ba. Na ɗauke shi aboki ba da saninsa ba. In aka saki shafi mai daɗi nakan ce a raina, mai saniya ma yana can yana karantawa.

Abin ya dame ni har na tari limamin unguwarmu bayan la'asar, yana neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya shiga taron jama'a bai yi sallama ba. Yana jin duk abin da suke faɗa, su ba sa ganinsa. Laɓe ne?"

"Ta katanga ya shiga?"

"A'a, ƙofa aka nuna masa."

"Sun san yana nan?"

"Lambarsa tana cikin jeri, in sun duba."

"To ya yi sallamar mana."

"An ɗan daɗe, Allah gafarta."

"Kamar kwana nawa?"

"Ya haura shekara."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana kallona. "Kai ne ko?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, kai ba fatawa kake nema ba, ƙarfin hali kake nema. Je ka yi musu sallama." Na ce to. Na ƙara wata goma ban yi ba.

A shekara ta biyun Malam ya fara wani labari da ban taɓa jin wanda ya kama ni kamarsa ba. Wata jaruma ce aka tura ta karɓo ƙaninta daga hannun wani matsafi da ke bayan hamada. A hanya gobara ta cinye kuben takobinta, sai ta sauka a gidan wani tsohon baduku a birnin aljanu. Tsohon ya ɗinka mata sabo cikin gaggawa, yana ba ta haƙuri, ya ce ba shi da fatar da ta sha bagaruwar jima, sai wannan da ke rataye. Daga nan ta yi iyo ta haye wani kogi, ta yi kwana uku tana tafiya cikin rana, ta isa gaban matsafin. Ta kai hannu za ta zare takobi, takobi ya ƙi fita. A nan Malam ya tsaya. Ya rubuta a ƙasa cewa zai huta sai Asabar, kafin nan a gaya masa me ya riƙe takobin.

Ranar Litinin ce. Guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce matsafin ne ya ɗaure takobin da tsafi. Amma mafi yawa suka tafi a kan tsohon baduku ne maci amana, wai ɗan leƙen asirin matsafi ne, ya tofa wani abu a cikin kuben. Direba ya turo murya daga kan hanya: "Wallahi tun da tsohon nan ya fara ba da haƙuri na san munafuki ne! Wa ya tambaye shi? Tsohon banza, Allah ya haɗa ni da shi in bi ta kansa da mota!"

Ni kuwa ina karanta wurin da takobi ya ƙi fita na gane dalili, don abin ya taɓa faruwa a hannuna. Ina ɗan shekara goma sha biyar, ana jibi babbar sallah, aiki ya yi wa mahaifina yawa, jemammiyar fata ta ƙare. Na ɗauki wani guntun ƙirgi, wato fatar sa da aka shanya ba a jeme ba, na jiƙa shi ya yi laushi, na ɗinka wa wani maƙwabcinmu kube, na zura wuƙar na ba shi, ina jin na yi dabara. Ranar sallah an kayar da rago, mutum uku sun danne shi, wuƙa ta ƙi fita. Ƙirgi in ya sha ruwa ya bushe a rana tsukewa yake, ya kama ƙarfe kamar haƙori. Mahaifina bai dake ni ba. Ya sa na tsuguna a gaban mutumin da ragonsa, na farke ɗinkin da hannuna, zare bayan zare. Ban sake ba har yau.

Saboda haka na san tsohon nan bai ci amanar kowa ba. Ya ma faɗi gaskiya da bakinsa, ba wanda ya saurara. Ina zaune a shago ana ta zagin ɗan'uwana a sana'a, ina da shaidar da za ta wanke shi, na yi shiru. Na san mutumin labari ne, ba shi da rai. Duk da haka na kasa cin abincin rana.

Da yamma kuma Hajiya Admin ta saki sanarwa. Ta ce guruf ya cika, mutane suna waje suna roƙon shiga, 'yan laɓe sun tare wuri. Malam yana zuba labari kullum, ko sannu ba sa ce masa. Duk wanda bai yi sharhi ba daga ranar zuwa Juma'a bayan la'asar, za ta cire shi. Ta ce sitika ba sharhi ba ce, kuma wanda ta cire kar ya biyo ta gefe yana ba ta haƙuri.

Na karanta sau uku. Labarin nan ba a samunsa ko'ina sai a guruf, don doka ce ba a fitar da shi waje, kowa ya karɓa a kan amana. Ko da wani zai sato ya turo mini, ni ba zan iya karanta abin sata ba. In aka cire ni ranar Juma'a, shafin Asabar ba da ni ba. Zan bar yarinyar nan tsaye a gaban matsafi da hannu a kan takobi har ƙarshen rayuwata.

Talata na gwada rubutu. Na rubuta sallama, na goge, don na ga kamar rainin hankali ne a ce yau na shigo. Na rubuta ban haƙuri, ya yi layi takwas ban zo kan maganar fata ba, na goge. Laraba wani sabon tunani ya zo mini: in na faɗi abin da ya riƙe takobin, ban ɓata wa mutane daɗin labari ba? Ban tona wa Malam asiri ba? Amma ai shi ya tambaya. To in kuma ba haka yake nufi ba fa, na fito bayan shekara biyu na yi shirme a gaban 'yan jami'a da ma'aikata? Ranar na huda yatsana da basilla sau biyu, na ɗinka wa wani kube a juye.

Alhamis na yanke shawarar yin murya kamar direba. Na jawo ƙyauren shago, na danna wurin ɗaukar murya, na ce, "Assalamu alaikum." Sai na ja yatsa gefe na goge. Na sake. Na goge. Ban san ana jina ta tagar da ke tsakanin shago da tsakar gida ba, sai da mai ɗakina ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, wai wane gida ne wannan da kake ta sallama tun ɗazu ba a amsa maka? In ba kowa ka juyo mana, ai ka wuce uku."

Na gaya mata komai, tun daga mahauci mai wuƙa huɗu. Ta san ina karatu a waya, amma ba ta san da wannan nauyin ba. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Yanzu duk ramar nan da kake tun Litinin, a kan sallama ce? Ni na ɗauka wani ciwo likita ya gaya maka kake ɓoye mini."

"Ke ba ki gane ba. Shekara biyu fa."

"To sallama nono ce da za ta yi tsami? Ka yi abarka. In sun ƙi amsawa alhakin yana kansu."

Na ce sai gobe. Ta ce ta sani.

Juma'a da hantsi na yi wanka, na sa fararen kayana tun kafin lokaci, na zauna a kan tabarma a tsakar gida, don na ga a shago ba ta yiwuwa. Ita tana gefe tana tsince shinkafa, ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na yi bisimilla na danna.

Na yi sallama cikakkiya. Na ce ni baƙo ne amma ba sabo ba, na shigo shekara biyu da suka wuce, uzuri ya hana ni sallama a ranar, kunya ta hana ni daga baya. Na nemi afuwar Malam, na nemi ta Hajiya, na yi mata barka da jika ko da yake yanzu ya isa yaye. Na yi wa direba ta'aziyyar mahaifiyarsa, na ce Allah ya sani na yi mata addu'a a ranar. Na koma na sake neman afuwar duk wanda na ji maganarsa bai san ina ji ba. Ina shirin shiga zagaye na uku sai mai ɗakina ta ɗago kai ta ce da ƙarfi, "Ka faɗi maganar fatar mana! Ka tsaya kana ta ba da haƙuri kamar ka kashe mutum."

Na ɗan daburce, amma yatsana yana kan wurin, sai na ci gaba. Na ce ni baduku ne. Na ce a koma shafin da tsohon ya ɗinka kube, a ga abin da ya ce game da bagaruwa. Na faɗi yadda ƙirgi yake yi in ya sha ruwa ya sha rana. Har labarin ragon maƙwabcinmu na bayar, abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Na ce ban san abin da ke zuciyar Malam ba, shi ne mai labari, amma a sana'ance tsohon nan ba shi da laifi sai na gaggawa, a daina zaginsa.

Na gama magana, yatsa yana danne. In na ja shi gefe, komai ya goge, har da muryarta. In na ɗaga, ya tafi. Na zauna a haka ina kallon lambobin daƙiƙa suna ƙaruwa, ba abin da ake ɗauka sai kukan kaji da ƙarar shinkafa a faranti. Babban yatsana ya fara ciwo. Ta dube ni. Na ɗaga.

Ban tsaya ganin abin da zai biyo baya ba. Na tura wayar ƙarƙashin matashi, na ɗauki dardumata na fita, ko kiran farko ba a yi ba. A masallaci Allah ya yafe mini, rabin huɗubar ban ji ba. Ina ta lissafin abin da na faɗa. Na ce jika ya isa yaye, in kuma yaron bai rayu ba fa? Na ce a daina zagi, wa ya naɗa ni mai unguwa? Da aka idar na bi doguwar hanya, na tsaya gaisawa da mutanen da a kullum hannu kawai nake ɗaga musu.

Ina shiga gida ta ce, "Zo ka ɗauki abarka, tun da ka fita take zillo a ƙarƙashin matashi kamar an yanka kaza."

Na zauna a bakin gado na buɗe da ido ɗaya. Abin da na fara gani layi ne a jere, mutum bayan mutum: wa alaikumus salam, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na yi ta ja da yatsa ba su ƙare ba. Ban san lokacin da na sauke wata ajiyar zuciya ba, har mai ɗakina ta ce in yi a hankali kar in ɗage rufin.

Sai tsiya ta biyo. Wani ya rubuta, "Baba Baduku, wannan sallamar a ƙafa ta taho?" Wata ta ce, "Ni dai Mama nake gaisarwa. Mama, ki faɗi maganar fatar mana!" Kafin la'asar maganar ta zama abin wasa, duk wanda ya ja dogon sharhi sai a ce masa ya faɗi maganar fatar. Na karanta wa mai ɗakina, ta rufe baki da mayafi ta ce, "Na shiga uku, har da ni ka tura? Ka ce musu ina amsawa."

Hajiya Admin ta rubuta, "Mun amsa, Baba. Jika yana nan yana fasa mini kofuna. Ka tsira, amma kar a sake shekara biyu."

Na daɗe ina kallon kalmar nan, ka tsira.

Sai muryar direba, da ƙugin injinsa. Ya fara da amsa sallama, ya ce ya gode da ta'aziyya, ya ce yau da safe ma ya tuna ta, Allah ya saka. Sai ya gyara murya: "Amma Baba, maganar tsohon nan, ban yarda ba fa. Ku dukawa ai dole ku kare junanku. Ni dai sai na gani a shafi. In ya fita da gaskiya zan ba shi haƙuri a gaban kowa, in kuwa munafuki ne, kai da shi zan haɗa."

Malam ne kaɗai bai ce komai ba, kuma shi na fi tsoro. Na ce shi ke nan, na fasa masa abin da ya yi wata yana ginawa. Na yi la'asar da wannan a raina. Ina dawowa na tarar ya rubuta layi biyu: "Wa alaikumus salam, Baba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma a ce mutum yana tsakiyar hamada ba ruwa, ga abokin gaba a gabansa, yaya zai yi da irin wannan kube?"

Wannan karon ban jawo ƙyaure ba, ban yi gwaji ba. Na danna na ce jarumar ta nemi ɗinkin, a bayan kube yake, in tana da ko ɗan ƙaramin abu mai kaifi ta yanke zare uku na sama, sauran za su bi. Na ɗaga yatsa. Sai da ya tafi na tuna ban yi sallama a farkonsa ba, na fara damuwa, mai ɗakina ta ce wanda ke cikin gida ba ya sallama duk sanda zai buɗe baki.

Wani abu kuma ya faru da ban zata ba. Tsakanin sallar Juma'a da la'asar, lambobin da ban taɓa ganin motsinsu ba suka riƙa fitowa. Wannan ya ce shi ma sallamarsa ta shekara ɗaya ce, waccan ta ce tata ta wata bakwai, a haɗa da ta Baba a amsa. Hajiya ta ce ashe gidan cike yake da mutane a bayan ƙyaure. Duk wanda ya fito na duba hotonsa. Ina neman farar saniya.

Bayan la'asar da kamar rabin awa Hajiya ta fara aiki. Layuka suka riƙa sauka, an cire wannan, an cire wancan. Na riƙe wayar da hannu biyu, duk da an ce na tsira, ina duba kowace lamba ko tawa ce aka haɗa bisa kuskure. Ba tawa. Da ta gama na buɗe jerin mutane, na gan ni a ciki, na sake rufewa na buɗe na gan ni. Sannan na nemi mai saniya daga sama har ƙasa. Ba ya nan. Ban taɓa rubuta lambarsa ba, don na ga kamar shiga hurumin mutum ne. Ban san ko namiji ne ko mace ba, ban san ko kunya ce irin tawa ta riƙe shi ba ko wayar ce ta lalace. Da na sani da na ambace shi a cikin muryata, ko da cewa ne mai farar saniya, fito mu yi tare.

Asabar da hantsi shafi ya sauka. Na ajiye basilla, na goge hannu. Jarumar ta ja da baya taku biyu, ta cire ɗan kunnenta, ta juya kuben ta nemi ɗinkin. Zare uku ta yanke. Ban iya ci gaba ba sai da na tashi na zagaya shagon, wanda taku huɗu ne duka, na dawo na zauna na ƙarasa.

Direba ya cika alkawari. Ya roƙi tsohon badukun labari ya yafe masa, Baba Baduku ma ya yafe masa, amma har yanzu bai ga dalilin da zai sa mutum ya ɗinka wa baƙuwa kube da fatar banza ba, aikin dukawa ke nan. Na ce masa in ya shigo Kano ya zo da wuƙarsa, zan ɗinka masa da jemammiya.

Har yanzu ba ni da yawan magana a guruf ɗin. Nakan yi mako ban ce komai ba sai amsa gaisuwa, in kuma zan yi sharhi sai na saurari muryata sau biyu bayan ta tafi, ina neman inda na yi kuskure. Amma duk sanda layi ya nuna wani sabo ya shigo, ba na jira ya fara. Ko ina tsakiyar ɗinki nakan soke basilla a jikin fata in danna in ce, "Sannu da zuwa, wa alaikumus salam, shigo ka zauna." Hajiya ta ce ni kaɗai ne mutumin da ta sani yana amsa sallamar da ba a yi ba. Na ce mata ta bar ni, na san abin da nake yi.